Kafin a kawo uwar garken kwamfuta shago, a fara kafa mata turke

Duk wanda ya san kasuwancin garin Tinyer shekaru ashirin da suka wuce, ya san cewa rabin dukiyar babban ɗan kasuwa ba a sito take ba, tana cikin wani littafi ne mai kaurin bango da ake ɓoyewa a ƙarƙashin kanta. A cikinsa ake rubuta wanda ya ɗauki buhun sukari goma zai biya bayan kasuwar Galim, da makiyayin da ya sayar da bijimi ya bar kuɗin ajiya, da abin da abokin hulɗa na Ganye ko Toungo ya rage bai cika ba. In littafin nan ya ɓata, to Alhaji ba zai runtsa ba, domin kuwa amanar mutane ce ta ɓata.

A yau littafin ya fara ƙaura zuwa cikin kwamfuta. Daga Garwa zuwa Ngaundere, har abin ya fara isowa garuruwa irin namu Tinyer, hedkwatar gundumar Faro-et-Déo, manyan kantuna da shagunan magani da ƙungiyoyin ajiya da bashi da ofisoshin motocin haya suna haɗa kwamfutoci biyu ko uku ko fiye, dukkansu suna ɗibar bayani daga guda ɗaya da aka ajiye a wani lungu. Sai dai kash, abin da muke gani shi ne, ana zuba kuɗi wajen sayen na'urar, amma ba a kashe ko kwatankwacin rubu'insa wajen shirya mata wurin zama. Wannan shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna da ku 'yan uwa 'yan kasuwa a kan abin da ya kamata a yi tun kafin a buɗe kwali.

Mece ce uwar garke?

Masu aikin kwamfuta na gefen Najeriya suna kiranta saba, na wannan gefe kuma su ce sarbar, amma Hausawan da suka yi aikin fassara kalmomin kwamfuta sun raɗa mata suna uwar garke, kuma mu mutanen ƙasar shanu ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan suna. Ita ce kwamfutar da ke riƙe da lissafin kaya da na bashi da na ciniki, sauran kwamfutocin da ke kan kanta kuwa bin ta kawai suke yi. Galibi ba a kashe ta, dare da rana tana aiki. In ta kwanta, garken duka ya tsaya.

Ko ba ku taɓa ganin ta da ido ba, kun daɗe kuna hulɗa da ita. Tun da hukumar kwastan ta Kamaru ta koma aiki da tsarin SYDONIA a 2007, sannan CAMCIS a 2020, takardar kayan da kuka shigo da su a cikin irin wannan na'ura take kwana. Haka ma kuɗin da kuke turawa ta waya tun bayan da MTN ya fara wannan aiki a 2010, Orange kuma a 2011. Ranar da aka ce muku babu rezo, sau da yawa ko dai hanyar zuwa wurin uwar garke ce ta katse, ko kuwa ita kanta ce ta kwanta.

Tun farko bari mu faɗi gaskiya, ba kowane shago ke buƙatar ta ba. In mutum ɗaya ne ke karɓar kuɗi kuma shi ke rubuta kaya, kwamfuta ɗaya mai kyau ta wadatar. Uwar garke ta zama dole ne in akwai mutane da dama da ke rubutu a lissafi ɗaya a lokaci guda, alal misali mai sito yana fitar da kaya, mai kanta yana yanka rasit, Alhaji kuma yana son ganin abin da ya shiga kafin magariba.

Abin da ya same mu

Ba daga littafi muka koyi wannan darasi ba. Wasu shekaru da suka wuce, a gidan rediyon al'ummar da muke aiki, an kawo mana kwamfuta guda da muka mayar rumbun shirye-shiryenmu. A cikinta muka zuba sanarwar aure da suna da cigiya, da lissafin waɗanda suka biya talla, da hirarrakin da muka yi da dattawan gari a kan tarihin fatauci da zuwan kakanninmu wannan ƙasa. Murna ta sa a ranar da ta iso muka jona ta a soket ɗin da muka tarar a bango, ba wanda ya tambaya ko akwai wayar ƙasa a ginin.

Da farkon damina, wata la'asar hadari ya taso daga wajen duwatsu, aka yi tsawa ɗaya mai ƙarfi, sai muka ji ƙauri. Na'urar ta mutu. Mun kwantar da hankalinmu da cewa ai muna da kwafi, amma kwafin yana kan wani faifai ne da ke jone a jikinta, don haka tare suka tafi. Kwamfuta dai an sayi wata. Lissafin talla mun bi mutane ɗaya bayan ɗaya, masu tsoron Allah suka faɗi abin da ke kansu. Amma muryoyin dattawan nan, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, har gobe ba za mu sake jin su ba. Ba mu ɗora wa kowa laifi ba face kanmu. In kun ga gemun ɗan uwanku ya kama da wuta, sai ku shafa wa naku ruwa.

A fara da ɗaki

Abu na farko da uwar garke ba ta so shi ne zafi. Duk wutar da ta ci, zafi take mayar da ita. Na'urar da ke jan wat 300 daidai take da ƙwan lantarki uku na da, masu wat 100, a kunne dare da rana a cikin ɗaki. Masana harkar suna ba da shawarar iskar da ke shiga cikinta ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27. Mu a nan kan tudun Adamawa Allah ya rangwanta mana, amma a Garwa, inda zafin watan Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin tanda ce kawai. Wanda yake da hali ya sa na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ba shi da hali ya zaɓi ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma, ya yi masa silin, ya buɗe mashigar iska ta ƙasa da mafita ta sama, a lulluɓe su da raga. A bar fili gaba da bayan na'urar, domin ta gaba take shaƙar iska ta fitar ta baya. Kada a manna ta da bango, kada a rufe ta da zane wai don ƙura alhali tana aiki.

Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika mana shaguna da ƙura, wadda ke toshe fankokin cikin na'ura har zafi ya kashe ta. Kada a ajiye ta a ɗaki ɗaya da buhunan siminti ko fulawa ko takin zamani. A riƙa hure ta lokaci zuwa lokaci bayan an kashe ta an zare waya, da abin hura iska, ba da tsumma mai laima ba.

Na uku ruwa da ƙwari. Kada a ajiye ta a ƙasa, a ɗora ta a kan tebur mai ƙarfi ko a cikin kabad ɗin ƙarfe da aka yi dominta. A duba rufi tun rani, domin ɗigo ɗaya ya isa. Ɓera na cin waya, kyankyaso da tsaka suna son ɗumin cikin na'ura, gara kuma ba ta barin tebur na katako, saboda haka a toshe ramuka, a bi da wayoyi cikin bututu, kuma a hana cin abinci a ɗakin.

Na huɗu ƙofa mai makulli. Ɗakin uwar garke ba wurin hutun yaran shago ba ne. Mutum biyu ko uku da aka sani su kaɗai za su riƙe mabuɗi.

Batun wuta, nan ake yin ta

Kowa ya san halin wutar arewacin Kamaru. Madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982 da ƙarfin megawat 72, ita ce ta daɗe tana ɗauke da nauyin yankin. A shekarun 2021 da 2022 ruwanta ya ja baya, aka shiga rabon wuta a Garwa da Marwa da Ngaundere, kafin a ƙaddamar da tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa a 2023. To ko daga babban layi kuran ɗinku yake zuwa, ko daga injin gazuwal, ko daga faifan hasken rana, abin da ke kashe kwamfuta ba ɗauke wuta kaɗai ba ne. Akwai wutar da ke zuwa da rauni, akwai wadda ke dawowa da ƙarfi fiye da kima, kuma wannan ta biyun ta fi ɓarna.

Don haka kafin a sayi na'ura a nemo mai aikin wuta wanda ya san aikinsa, ba ɗan koyo ba. Abin da za ku ce ya yi muku shi ne: ya ja wa uwar garke layinta ita kaɗai tun daga allon rarraba wuta, da wayar tagulla ta gaske mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ba tare da firji ko injin walda ko famfon ruwa a kan layin ba. Ya sa mata makatsin wuta nata, wato disjontar, tare da difaransiyel mai miliamfiya 30, wanda ke yanke wuta nan take in ta fara bin jikin mutum. Wannan ɗan abu shi ne tsakanin yaronku da kabari.

Sannan wayar ƙasa, wadda mu muka yi sakaci da ita. Sandar tagulla ce mai tsawon kamar mita biyu da ake kafawa a ƙasa mai laima, a ja waya mai launin kore da rawaya daga gare ta zuwa kowane soket. Aikinta shi ne ta kwashe wutar da ta ɓace hanya ta zuba a ƙasa. Kada ku yarda da faɗar baki, ku ce ya auna da na'urar awo a gabanku, kuma a sake aunawa da rani lokacin da ƙasa ta bushe. A kan wannan waya ne na'urar kare tsawa, wato farafudur, take dogara. In babu wayar ƙasa, farafudur ado ne kawai. Kuma a sani tsawa ba ta layin wuta kaɗai take shigowa ba, takan biyo wayar eriya da duk wata wayar ƙarfe da ta fito daga waje ko ta ratsa tsakanin gini da gini. A nan ƙasar tudu, inda damina kan kai wata shida ko bakwai, in hadari ya haɗu sosai babu kunya a kashe na'ura a zare wayoyinta har ya wuce.

Akwai wata matsala tamu ta 'yan kan iyaka. Kayan da aka sayo a Yola ko Mubi ko Kano suna zuwa ne da fulogi mai ƙafa uku masu faɗi irin na Ingila, alhali soket ɗinmu na nan mai ramuka zagayayyu ne irin na Faransa. Sai a sayo 'yar mahaɗa mai araha, wadda galibi ƙafa biyu kawai take haɗawa ta bar ta ukun, wato ta ƙasa, a banza. Wasu ma yanke kan suke yi su cusa tsirarar waya da tsinken ashana. Wannan neman gobara ne da kuɗinka. Wayar wutar kwamfuta ana zare ta daga jiki, don haka a sayi wadda ta dace da soket ɗinmu mai haɗa ƙasa, a jefar da waccan. Haka nan, wasu tsofaffin na'urori na hannu da suka fito daga Amurka suna da wani ɗan jan makunni a baya, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya 230. Wutar Kamaru bolt 220 ce. In aka jona alhali yana kan 115, ƙara ɗaya za ku ji sai hayaƙi. A duba kafin a jona.

Ondilar, janareta da batir

Tsakanin soket da uwar garke dole a sa na'urar riƙe wuta, wadda muke kira ondilar, 'yan Najeriya kuma su ce yu-fi-es. Ba a yi ta don a ci gaba da ciniki awa uku babu wuta ba. An yi ta ne don ta ba ku 'yan mintoci ku tayar da janareta ko ku kashe na'ura a tsanake, domin in wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, lissafin kan iya dagulewa. Wajen saye a yi lissafi. Alal misali uwar garke wat 300, allonta wat 30, na'urorin haɗa layi da intanet wat 40, jimla 370. A ƙara rubu'i saboda gaba, ya kama kusan wat 460. Lambar VA da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali ba ita ce wat ba. Ondilar mai araha da aka rubuta wa 1000 VA galibi wat 600 take ɗauka ko kusa da haka, mai 650 VA kuwa ba za ta iya wannan kaya ba. In wutar unguwarku tana yawan rauni, a sa regilatar a gabanta. Kada a jona firinta mai leza a jikinta, balle hitar shayi, kuma kada ta zama wurin cajin wayoyin 'yan layi.

Batirin ondilar yana da wa'adi, kuma zafi na rage masa kwana: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana cinye kusan rabin rayuwarsa. A rubuta ranar da aka sa shi a jikinsa, a riƙa gwada shi. In ya kumbura ko ya fara wari, a cire shi ranar. Masu haɗa baturan mota da inbata su sani cewa irin waɗannan batura suna fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka sai a wuri mai iska, nesa da sigari da tartsatsi.

Shi kuwa janareta, ko gurup kamar yadda muke cewa, wurinsa waje ne. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar launi marar wari da ke kashe mutum yana barci, kuma mun sha karanta labarin iyalan da suka kwana ba su tashi ba saboda shi. A sa makunnin sauya layi, ta yadda wutar janareta ba za ta koma kan layin gari ba, domin in ta koma tana iya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara. In an tayar da shi a bari ya daidaita kafin a ɗora masa kaya, kuma ba a zuba masa mai yana aiki.

Ranar ɗorawa

Na'urar da ta sha hanya daga Ngaundere zuwa Tinyer ta sha girgiza. A ɗauko ta a cikin kwalinta na asali da soson da ya zo da shi, a cikin mota, ba a kan bodi tare da buhuna ba, ba kuma a bayan babur ba. In ta iso a bar ta ta huta wasu awoyi ta ɗauki yanayin ɗakin, musamman in ta kwana cikin sanyi ko laima. Mai gyara ya buɗe ya tabbatar babu abin da ya kwance a ciki kafin a ba ta wuta.

Manyan irinta suna da nauyi, wasu sun haura kilo 20, don haka mutum biyu ne za su ɗaga. In a kabad za a jera, mai nauyi a ƙasa, wato ondilar da batura, mai sauƙi a sama, kuma a ɗaure kabad ɗin kada ya rinjayo kan mutum.

Duk wanda zai sa hannu a cikinta ya fara kashe ta, ya zare dukkan wayoyin wuta, domin wasu suna da mashigar wuta biyu, kuma kashe makunnin gaba ba ya nufin wuta ta fita. Ya cire zobe da agogo. Akwatin da wayar wuta ke shiga, da cikin ondilar, ba a buɗe su da wasa, suna riƙe wuta ko bayan an zare su. Sannan kun san yadda bargo ke tartsatsi da hunturu in an ja shi cikin duhu? Wannan 'yar wutar da ke taruwa a jikin mutum ta isa ta lalata kayan cikin kwamfuta ba tare da an ji ko an gani ba. Saboda haka mai gyara na ƙwarai yakan ɗaura wani igiya a wuyan hannunsa ya maƙala a ƙarfen na'ura, ko aƙalla ya riƙa taɓa ƙarfen kafin ya taɓa komai, kuma yakan riƙe kayan ta gefe. In kun ga mai gyara bai damu da wannan ba, ku sake tunani a kansa.

A rubuta suna a kan kowace waya, kai da gindi. Kada waya ta ratsa hanyar da ake wucewa. Kada mutum ya yi aikin wuta shi kaɗai a ɗaki, kuma kowa a shagon ya san inda babban makatsi yake. In Allah ya kiyaye wuta ta kama wani, ba a taɓa shi da hannu, a yanke wuta tukuna, ko a ture shi da busasshen itace.

Gobara ba ta san babba ba

Kada wani ya ce wannan tsoro na ƙananan shaguna ne. Ranar 26 ga Satumba 2025, a birnin Daejeon na Koriya ta Kudu, ma'aikata suna cikin aikin sauya wa baturan litiyom wuri a cibiyar ajiyar bayanan gwamnati sai wuta ta tashi daga batir. Fiye da ayyukan gwamnati 600 da ake yi ta kwamfuta suka tsaya, kuma wani babban rumbun da ma'aikatan gwamnati ke ajiye takardunsu ya ƙone alhali ba shi da kwafi a wani wuri. Ƙasar da ke ƙera waya da talabijin ke nan.

Mu kuma mun san gobarar kasuwa. Ta Sabon Gari a Kano a Maris 2016 da ta Kasuwar Monday a Maiduguri a Fabrairun 2023 ba su bar wa dubban 'yan uwanmu komai ba. Na'urar da ke kwana a kunne cikin kasuwa bayan kowa ya tafi gida, ba dukiyar mai ita kaɗai take jefawa cikin haɗari ba, har da ta maƙwabtansa. A kawar da kwali da katifa da jarkar mai daga kusa da ita. A rataye tukunyar kashe gobara mai iskar CO2 a bakin ƙofa, a koya wa yara amfani da ita. Ba a watsa wa wutar lantarki ruwa.

Kwafi uku, ɗaya a wani gida

A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, inda dubban uwayen garke ke zaune. Wasu kamfanonin da suka biya kuɗi don a riƙa ajiye musu kwafi sai suka tarar kwafin a cikin ginin da ya ƙone yake. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta sa aka biya wasunsu diyya, amma diyya ba ta dawo da bayani. Kuskurenmu na gidan rediyo ke nan, sai dai nasu ya fi girma.

Ƙa'idar da masana suka yarda da ita mai sauƙi ce: bayani ya zama kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki ya kwana a wani wuri dabam. A aikace, a sayi faifan ajiya na waje guda biyu. Kullum bayan an rufe ciniki a kwafe lissafi a kan ɗaya, a zare shi, Alhaji ya tafi da shi gida, gobe a kawo ɗayan. In mai gyara ya ce ai akwai faifai biyu a cikin na'urar masu kwafar juna, ku ce masa madalla, wannan maganin mutuwar faifai ɗaya ne, amma ba maganin tsawa ko ɓarawo ko gobara ba ne. Ajiya ta intanet ma tana da kyau a matsayin ƙari, amma lissafin shago ya zama yana aiki ko babu rezo. Ba mu manta da ranar 14 ga Maris 2024 ba, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya cik a ƙasashe da dama har da Najeriya da Kamaru.

Kuma kwafin da ba a taɓa gwada buɗe shi ba, ba a san ko kwafi ne ba. Duk wata a buɗe a gani. Dokar lissafin kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru ke aiki da ita, ta wajabta ajiye littattafan lissafi da takardun shaida har shekara goma, kuma jami'in haraji ba zai karɓi uzurin tsawa ba.

Ɓarawon da ba ya fasa ƙofa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ranar farko a canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita. Kowane ma'aikaci ya samu sunansa da kalmarsa, ta yadda in an goge bashin wani za a san hannun da ya goge. Wanda ya bar aiki a rufe nasa a ranar. Babbar kalmar sirri kuwa ta mai dukiya ce, ba ta mai gyara ba. A rubuta ta a takarda, a liƙe a ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardun gida, domin mai gyara yana iya tafiya Duwala, yana iya ɓatawa da ku, yana kuma iya mutuwa.

Kada a bari a riƙa cusa mata kile ko waya don kwafar waƙa da fim, ta nan ƙwayar cutar kwamfuta ta fi shigowa. Akwai irin wadda ke kulle bayani ta nemi kuɗin fansa, kamar WannaCry da ta addabi ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017. Tsohuwar manhaja ma ƙofa ce a buɗe: kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 a Oktoban 2025. Sannan sunaye da lambobin wayar abokan ciniki amana ce da doka ma ta san da ita, domin Kamaru ta yi dokar tsaron intanet a Disambar 2010, da ta kare bayanan mutane a Disambar 2024.

Kafin ku sallami mai gyara

Kada ku cika masa kuɗinsa sai ya yi abu biyu a gabanku. Na farko, a yanke babban makatsi alhali na'ura tana aiki, a ga ko ondilar ta riƙe, da mintocin da ta yi. Na biyu, a ɗauko kwafin jiya a buɗe shi a wata kwamfuta dabam, ku nemi sunan wani mai bashi da kuka sani ku gani da idonku. Ya bar muku rasit da takardar garanti, da takarda ɗaya da ke nuna yadda ake kunnawa da kashewa bi da bi, a manna ta a bango. Ya koya wa mutum biyu, ba ɗaya ba.

A ƙarshe, kada ku jefar da littafin nan mai kaurin bango. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi take, kuma iyayenmu da suka yi fatauci da jakuna tsakanin Kano da Adamawa ba su yi wasa da wannan ba. Duk ƙarshen wata a buga jerin masu bashi da masu ajiya a takarda, manyan ciki su sa hannu, a kai gida. Damina na tafe kowace shekara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da dukiyoyinmu daga gobara da asara, amin.